Wai da gaske ne jariri 1 cikin 33 ana haifarsa da tawaya?

Abu_Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai maganar da nake son masana su warware mini. A wani shirin lafiya na rediyo na ji likita yana cewa cikin kowane jarirai 33 da aka haifa, ɗaya yana zuwa da wata tawaya a halittarsa. Ni dai lissafin ya yi mini yawa. A layinmu da wuya a yi sati biyu ba a yi suna ba, amma in ka cire wani yaro mai tsagaggen leɓe da na sani tun ina ƙarami, ban san kowa ba. To ina sauran suke? Ko lissafin Turawa ne aka ɗauko aka ɗora mana? In kuma gaskiya ne, waɗanne iri ne suka fi yawa a wajenmu?

Maman_Ilham:
Wa alaikumus salam. Malam Abu Khalifa, ku maza ranar suna a ƙofar gida kuke zama, a raba goro a shafa fatiha ku watse. Mu da muke shiga ɗakin mai jego mun san abin da zani yake rufewa. Akwai jaririn da har a yi arba'in ba a bari baƙo ya ɗauke shi, kullum a ce barci yake yi. Akwai wanda ba ya kai suna ma, sai dai ka ji an ce ya koma. Ba wanda zai tsaya yi maka bayanin abin da aka gani a jikinsa.

Likitan_Yara:
Malam, abin da ka ji daidai ne, kuma ka yi gaskiya da ka ce daga waje ya fito. Lissafin 1 cikin 33 na CDC ne, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato kusan kashi 3 cikin 100. Sai dai wannan ba ya nufin namu bai kai haka ba. A 2006 ƙungiyar March of Dimes ta fitar da rahoto kan duniya baki ɗaya, ta ce jarirai miliyan 7.9 ake haifa duk shekara da babbar tawaya, kusan kashi 6 cikin 100 ke nan, domin ta haɗa da cututtukan gado irin su sikila. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce jarirai kusan 240,000 ne suke rasuwa kowace shekara cikin kwana 28 na farko saboda wannan, wasu 170,000 kuma tsakanin wata ɗaya da shekara biyar. Tara cikin goma na masu babbar tawaya a ƙasashe irin namu ake haifarsu.

Alƙaluman da muke da su a nan daga asibitoci suke fitowa, alhali yawancin haihuwa a arewa a gida ake yin ta. Wanda aka haifa a ƙauye ya rasu a kwana na biyu bai shiga littafin kowa ba.

Dalili na biyu da ya sa ba ka ganin su: wadda ta fi kowace yawa ba a ganin ta da ido. Ita ce ta zuciya, kusan jariri 1 cikin 100. Bayan ta sai ta ƙashin baya da ƙwaƙwalwa, sai larurar Down, wadda take kawo wa yaro jinkirin girma da koyo. Waɗannan uku su ne manyan da aka fi samu.

Abu_Khalifa:
Na gode likita. Ashe har sikila tana cikin lissafin? Ni a tunanina tawaya ita ce abin da ido zai gani, kamar hannu ko ƙafa.

Likitan_Yara:
Kashi biyu ne. Akwai ta siffa, wato wata gaɓa ba ta ginu daidai ba. Akwai kuma ta aiki, gaɓar tana nan lafiya a ido amma aikinta ya samu matsala tun daga ciki, kamar sikila ko kurumtar da aka haifi yaro da ita. In aka sa sikila, Nijeriya ce kan gaba a duniya, ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 a shekara, kuma kusan mutum 1 cikin 4 a cikinmu AS ne. Jaririn sikila ranar suna lafiyayye ne sumul. Sai ya kai wajen wata shida hannu da ƙafa su fara kumbura.

Dan_Maradi:
To cindo fa? In har shi ma tawaya ne, ai gidanmu kaɗai mun cika muku lissafin. Ni da shi aka haife ni, ƙanena ma haka, 'yata ta fari ma haka.

Sista_Rabi:
Dan Maradi, cindo yana ciki, amma na ƙanana ne, kuma ya fi yawa a baƙar fata, yana bin jini kamar yadda ka gani a gidanku. Yawanci ɗan tsoka ne yake reto a gefen ƙaramin yatsa, ba ya hana komai. Roƙona kawai a daina ɗaure shi da zaren ɗinki ko gashin kai a gida, a daina yanke shi da askar da ba a dafa ba. Na ga wanda wurin ya ruɓe. Wani cindon kuma da ƙashi a cikinsa, wannan sai an yi hoto kafin a taɓa shi.

Inna_Ungozoma:
Ni ba boko na yi mai zurfi ba, ɗiyata ce take rubuta mini. Shekaruna da yawa ina karɓar haihuwa, kuma na yarda da maganar likita ɗari bisa ɗari. Abin da nake koya wa yara masu tasowa a wannan aiki shi ne, in kin yanke cibi kin goge jariri, kada ki naɗe shi sai kin duba shi tun daga kai har ƙafa. Ki sa yatsa mai tsabta a bakinsa ki shafa ganda, domin akwai wanda leɓensa lafiya lau amma gandar a tsage take, sai an ba shi nono ya riƙa fitowa ta hanci. Ki juya shi ki bi gadon bayansa da ido. Ki buɗe ƙafafu ki tabbatar akwai dubura.

Wannan ta ƙarshen ita ta fi ci mini rai. An taɓa kirana wani gida, jariri ya kwana uku, ciki ya kumbura yana sheƙi, yana amai kore. Kakarsa tana ta ba shi jiƙo wai ciwon ciki ne. Na buɗe zani na duba, wurin a shafe yake, babu ƙofa ko kaɗan. Mata sun fi biyar da suka yi masa wanka, ba wadda ta kai ido wurin. Muka ɗauke shi a daren. An fitar masa da hanji ta gefen ciki, daga baya aka yi masa hanya. Yanzu yana makaranta. Jaririn da ya kwana ya wuni bai yi baƙin kashin nan na farko ba, kada a jira.

Maman_Ilham:
Allah ya saka da alheri Inna. Wallahi wannan ko a asibiti ba kowa yake dubawa ba in haihuwa ta yi yawa a dare ɗaya.

Baban_Amira:
Bari in faɗi namu ko wani zai amfana. An haifi 'yata ƙafafunta biyu a murɗe, tafin yana kallon ciki. Mahaifiyarta ta yi kuka har ta gaji. Dangi suka ce a kai ta wurin mai ɗori, wasu suka ce a bari ta fara tafiya za ta miƙe da kanta. Wani abokina ma'aikacin lafiya ya ce kada in saurari kowa, in tafi asibitin ƙashi na Dala.

Abin da suka yi ya ba ni mamaki, don na ɗauka babbar tiyata za a yi. Likita zai riƙe ƙafar a hannunsa ya lanƙwasa ta a hankali, kaɗan kawai, sai a naɗa filasta tun daga yatsu har cinya. Bayan sati a cire, a ƙara juya ta kaɗan, a sake naɗawa. Kowane mako kana ganin ƙafar tana dawowa. A ƙarshe suka ɗan yanki jijiyar dunduniya, yankan da bai kai ƙwayar shinkafa ba, aka sake filasta. Wahalar gaske takalmin ne, takalma biyu da sandar ƙarfe ta haɗa su. Wata uku na farko kusan dare da rana yake ƙafarta, bayan nan sai lokacin barci, har ta kai wajen shekara huɗu. Tana kuka, kakarta tana cewa mu cire mata muna azabtar da yarinya. Ba mu cire ba. Yau in tana gudu a tsakar gida ba ka isa ka ce ga ƙafar da aka gyara ba.

Likitan_Yara:
Baban Amira, kun yi ƙoƙari, kuma wurin takalmin nan ne mutane da yawa suke sarewa ƙafar ta koma. Wannan hanya sunanta Ponseti, sunan likitan da ya fito da ita a jami'ar Iowa ta Amurka. Murɗaɗɗiyar ƙafa tana samun kusan jariri 1 cikin 1,000, kuma in an fara a makonnin farko, fiye da 9 cikin 10 suna gyaruwa ba tare da babbar tiyata ba. Da yawa daga cikin manyan da kuke gani suna taka gefen ƙafa, abin da suka rasa ke nan suna jarirai.

Dan_Maradi:
Ga 'yan'uwa na wannan ɓangaren, akwai asibitin yara na CURE a Yamai, tun 2010 yake aiki. Suna gyaran irin wannan ƙafa da tsagewar leɓe. Na san waɗanda suka je daga nan.

Alhaji_Mai_Shadda:
Ni tambayata ɗaya. A da can iyayenmu ba su san awo ba, ba su san ƙwayoyi ba, suna haihuwa goma sha, lafiya ƙalau. Yanzu ne da aka cika cin kayan gwangwani da takin zamani da feshin gona abin ya yi yawa. Ko ba haka ba ne?

Inna_Ungozoma:
Alhaji, su haifi goma sha, nawa suke rayuwa? Ka tambayi tsofaffin gidanku. A da ma ana haifarsu, ba sa daɗewa ne, kuma ba a magana.

Likitan_Yara:
Ranka ya daɗe, mai ciki ta nisanci maganin feshi, wannan shawara ce mai kyau kuma muna bayar da ita. Amma Inna ta faɗi gaskiya, abin ba sabo ba ne. Kusan rabin waɗannan larurori ba a iya danganta su da wani sababi guda. Sauran rabin akwai waɗanda aka tabbatar: ciwon suga da ba a daidaita ba kafin a ɗauki ciki, ƙyandar Jamus in ta kama mai ƙaramin ciki, ciwon tunjere, ƙarancin aidin a abinci, giya, da wasu magunguna. Ƙyandar Jamus a jikin uwa ɗan zazzaɓi ne da ƙuraje na kwana biyu uku, amma jaririn yana iya zuwa da kurumta, da yanar ido, da huji a zuciya. Tana da rigakafi, shi ya sa aka haɗa shi da na ƙyanda.

Maganar magani kuwa duniya ta koyi darasi mai ɗaci. A ƙarshen shekarun 1950 an riƙa ba masu ciki wani magani, talidomaid, don laulayi. Kafin a janye shi a 1961 an haifi jarirai sama da 10,000 da guntayen hannuwa da ƙafafu. Shi ya sa hankalina yake tashi in na ga mai laulayi ta aika yaro kemis a haɗo mata ƙwayoyi a leda, ba suna ba kwali. Akwai kuma maganin farfaɗiya mai suna balfurowet da yake ƙara haɗarin matsalar ƙashin baya. Mai shan sa kada ta daina da kanta, farfaɗiyar ma haɗari ce. Ta je a canza mata tun kafin ciki ya shiga.

Ummu_Hanif:
Na daɗe ina karantawa ina tunanin ko in yi magana. Ɗana na biyu an haife shi da wani ƙullutu a ƙasan bayansa, kamar ƙwai, fatar wurin siririya har ruwa yana tsattsafowa. An yi masa aiki an rufe, daga baya kansa ya fara girma, aka sa masa siririn bututu daga kai zuwa ciki yana zubar da ruwan. Yana nan da ransa alhamdulillahi, yana da wayo sosai, amma ba ya tafiya kuma ba ya riƙe fitsari.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, sai bayan an haife shi na ji cewa ƙaramar ƙwayar nan rawaya da ake bayarwa a awo, folik asid, tana kare wannan. Na sha ta kuwa, amma sai da cikin ya kai wata biyar na fara zuwa awo. Ashe lokacin ya riga ya wuce. Me ya sa ba a gaya wa 'yan mata wannan tun kafin aure?

Sista_Rabi:
Ummu Hanif, Allah ya ba ki ladan jinya, ya raya miki shi. Ba laifinki ba ne, yawancinmu haka aka koya mana. Tambayarki kuma ita ce zuciyar maganar. Bututun da yake zama ƙwaƙwalwa da lakar baya yana gama rufewa cikin kwana 28 da shigar ciki. A lokacin mace ma ba ta gama tabbatar da ɓatan wata ba. Mu kuma al'adarmu ciki ɓoye shi ake yi, musamman na fari, sai ya fito ake zuwa awo. Don haka folik asid kafin ciki ake fara shi, maikurogiram 400 kullum, a ci gaba har wata uku na farko. Wadda ta taɓa haifar mai irin wannan larura ana ba ta mai ƙarfi, miligiram 5, kuma ta fara tun tana shirin wani cikin. Babban binciken da aka yi a 1991 ya nuna yana rage maimaituwar abin da kusan kashi 70 cikin 100. Amurka ta wajabta zuba shi a garin fulawa tun 1998, aka ga raguwa a fili. Mu da yawancinmu gero da dawa da masara muke kaiwa inji, irin wannan ba zai iso tukunyarmu ba, sai dai ƙwayar, ga kuma zogale da alayyahu da wake.

Da ni ake shawara, da cikin kayan gyaran amarya za a riƙa sa shi. Kuɗinsa bai kai na turaren wuta ba.

Amaryar_Bana:
Anti Rabi, ni an ce mini magungunan awo suna sa jariri ya yi ƙato a kasa haihuwarsa sai da tiyata. Shi ya sa ƙawayena da yawa suke karɓa su ajiye.

Sista_Rabi:
Ƙanwata, ba gaskiya ba ne. Folik asid da maganin ƙarin jini ba sa ƙara wa jariri girman da zai hana haihuwa. Ciwon suga yana cikin manyan abubuwan da suke kawo ƙaton jariri. Ki sha abinki.

Dan_Boko_Zariya:
Kowa yana zagaye-zagaye an ƙi taɓa babbar maganar. Auren zumunci. Ɗan wa da 'yar ƙani, 'ya'yansu ma a sake haɗa su, jikoki ma haka. Sannan a zo ana mamaki.

Alhaji_Mai_Shadda:
Yaro, ka iya bakinka. Ni auren zumunci ne ya haife ni, ni ma shi na yi, 'ya'yana tara ba mai ko ɗingishi. Abin da addini ya halatta ba za ka zo ka ƙyamatar da shi ba.

Malam_Na_Zaure:
A yi haƙuri da juna. Halal ne babu shakka, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya aurar da Nana Faɗima ga Sayyadina Ali, ɗan baffansa. Amma halal daban, wajibi daban. In likitoci amintattu suka ga wata cuta tana yawo a dangi suka ba da shawara a auro daga nesa, bin shawarar bai saɓa wa shari'a ba. Mu bar likita ya faɗi abin da ilminsu ya nuna.

Likitan_Yara:
Kowannenku yana da rabon gaskiya. Ma'auratan da ba su da dangantaka, haɗarin babbar tawaya kusan 2 zuwa 3 ne cikin 100. 'Ya'yan wa da ƙani kuwa yana kaiwa kusan 4 zuwa 6. Ya ninka ke nan, Dan Boko bai yi ƙarya ba. Amma ka juya lissafin, sama da 90 cikin 100 lafiya za a haife su, shi ya sa Alhaji yake ganin nasa tara garau. Inda abin yake tsananta shi ne in ana maimaitawa zuriya bayan zuriya, ko kuma an riga an ga wata cuta tana dawowa a gidan, kamar kurame da yawa ko jarirai suna rasuwa iri ɗaya. Kuma ba kowace tawaya ce take da alaƙa da zumunci ba. Larurar Down ba ruwanta da shi. Sikila kuma ko daga Legas ka auro ta, in ku biyu AS ne, kowane ciki yana da haɗarin 1 cikin 4. Gwajin jini kafin aure ne maganin wannan, kuma Kano ta mayar da shi doka a 2024.

Alhaji_Mai_Shadda:
Gwaji na yarda da shi, duk 'ya'yana sai da aka yi musu. Amma maganar ninkawa har yanzu ban gamsu ba. Na bar ta nan.

Yar_Katsina:
Ni abin da yake damuna ba lissafi ba ne, yadda ake ɗora wa uwa laifi ne. Yayata ta haifi yaro da tsagewar leɓe. Uwar miji ta ce ai ta fita tsakar gida ranar husufi, wata ta ce ta yi wa wani dariya ne tana da ciki, wata ta ce a danginmu ne. Mijin ko ɗaukar yaron bai yi ba. Kafin a yi arba'in takardarta ta iso. An ɗinke leɓen yana wata huɗu, kyauta, yanzu sai ɗan zane siriri ƙarƙashin hanci. Aure dai ya riga ya mutu a kan abin da aikin awa ɗaya ya gyara.

Malam_Na_Zaure:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wannan zalunci ne. Husufi aya ce daga ayoyin Allah, ba ya tsaga leɓen kowa. Allah ne yake suranta bayi a cikin mahaifa yadda ya so, uwa ba ta da hannu. Kuma neman gyara ba ƙin ƙaddara ba ne, hadisi ya tabbata cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Ina jin wasu suna cewa a bar shi yadda Allah ya yi shi. Wannan ba fahimta ba ce.

Bello_Sakkwato:
Masu tsagewar baki a kawo su Sakkwato, muna da asibiti guda na wannan, asibitin Noma.

Sista_Rabi:
Malam Bello, a bambance abu biyu. Noma ba a haifar yaro da ita. Ciwo ne da yake farawa daga dasashi ya cinye kunci da leɓe, yana kama yara masu tamowa, yawanci 'yan shekara biyu zuwa shida. Tsagewar leɓe kuwa tun cikin watanni na farko na ciki take faruwa, sassan fuska ba su gama haɗewa ba. A duniya ana ƙiyasta kusan 1 cikin 700. Leɓe ana ɗinke shi daga wajen wata uku, ganda kuma kusan shekara ɗaya, kafin yaro ya fara magana. Ƙungiyar Smile Train tana biyan kuɗin aikin a asibitoci da dama a Nijeriya. Babban aikin uwa kafin nan shi ne ciyarwa: ta zaunar da shi a tsaye, in ya kasa kama nono ta tatsa ta ba shi da ƙaramin kofi ko cokali, domin sai ya yi nauyi ake yi masa aiki.

Maman_Sadiq:
Tunda an ambaci Down bari in sa baki, ni nake da shi a gida. Sunan da na fi tsana a duniya shi ne ɗan ruwa. Har cewa aka yi in kai shi bakin kogi in ajiye wai zai koma inda ya fito. Sadiq mutum ne, ɗana ne. Ya yi jinkirin zama, ya yi jinkirin tafiya, maganarsa ba kowa yake ganewa ba, amma yana wanka da kansa, yana bin babansa masallaci, in na yi rashin lafiya shi ne yake zama kusa da ni. Kuma ina da shekara 24 na haife shi, don haka masu cewa sai tsohuwa su gyara.

Likitan_Yara:
Hajiya, Allah ya ƙara miki ƙarfi. Ba aljani ba ne, ba ruwa ba ne. Ƙwayoyin halittar gado da ake kira kuromosom 46 ne a jikin mutum, su kuma suna da 47, an samu ƙari a lamba ta 21. Haɗarin yana ƙaruwa da shekarun uwa, daga ƙasa da 1 cikin 1,000 a shekara 25 zuwa kusan 1 cikin 100 a shekara 40, amma da yake matasa sun fi haihuwa, da yawansu 'ya'yan matasa ne kamar ke. Abu ɗaya nake so duk mai irin wannan yaro ya sani: kusan rabinsu suna zuwa da matsalar zuciya, don haka a yi musu hoton zuciya tun suna jarirai ko da ba a ga alama ba.

Baban_Amira:
Likita, ita ta zuciyar da ka ce ta fi yawa kuma ba a gani, ta yaya uwa za ta gane?

Likitan_Yara:
A wurin shan nono ake fara gani. Zai kama ya tsotsa kaɗan ya saki yana haki, goshinsa ya jiƙe da gumi kamar wanda ya yi aiki. Numfashinsa da sauri ko yana barci, ba ya ƙiba, tari da ciwon haƙarƙari suna yawan dawowa. Wani kuma leɓensa da harshensa suna yin shuɗi, musamman in yana kuka, wannan na gaggawa ne. Ba duka ne suke buƙatar tiyata ba, ƙananan huji da yawa suna rufewa da kansu yaro yana girma. Amma hoton zuciya ne kaɗai zai raba.

Garba_Direba:
Rabawar ba ita ce matsala ba likita, bayan an raba ɗin fa? Ɗan ƙanwata an ce sai an yi masa aiki, kuɗin da aka faɗa ko gidanmu muka sayar ba zai kai ba. Muka yi ta yawo da takardu ofis-ofis, kowa ya ce a dawo. Yaron ya rasu muna cikin nema. Ƙafa da leɓe an samu masu taimako, zuciya kuwa talaka sai dai ya zuba ido.

Maman_Ilham:
Allah ya jiƙansa, ya sa mai ceto ne. Malam Garba ka taɓo inda yake ciwo. Kullum sai ka ga hoton yaro a Facebook ana neman taimakon kai shi Indiya.

Abu_Khalifa:
Allah ya ba ku haƙuri Malam Garba. Tun da Maman Ilham ta yi maganar farko na shiga gida na tambayi mai ɗakina. Nan take ta lissafa mini gida huɗu a layinmu, ciki har da maƙwabcin da muke sallah sahu ɗaya, ɗansa ashe an yi masa aikin hanji yana kwana biyu a duniya. To amma likita, hoton ciki da ake yi wa mata ba ya nuna waɗannan tun kafin haihuwa?

Sista_Rabi:
Yana nuna da yawa, in an yi shi a lokacinsa kuma a hannun wanda ya iya. Akwai na musamman da ake yi tsakanin sati 18 zuwa 22, ana bin kai da baya da zuciya da ƙoda ɗaya bayan ɗaya. Matsalar ita ce mata da yawa tambaya ɗaya suke zuwa da ita, mace ce ko namiji. Amfaninsa shi ne a san inda za a haihu. Jaririn da aka san bayansa a buɗe yake, ko hanjinsa a waje, a babban asibiti mai likitocin tiyatar yara ya kamata a haife shi, kamar Malam Aminu Kano ko Shika ko na koyarwa na Sakkwato. In kuma an haife shi a gida ba a sani ba, kada a shafa toka ko man shanu ko wani gari. A rufe wurin da leda mai tsabta, a naɗe shi ya ji ɗumi, a kama hanya.

Hassan_Kafinta:
Ku gafarce ni na shigo a makare. Matata ta haihu satin da ya wuce, namiji. Mun lura fitsarinsa ba ta kan gaba yake fita ba, ta ƙasa yake fita, kuma fatar wurin kamar an riga an yi masa rabin kaciya. Tsofaffi suna cewa kaciyar mala'iku ce, a kira wanzami ya ƙarasa. Shi ma yana cikin abin da kuke magana?

Likitan_Yara:
Yana ciki Malam Hassan, kuma ana yawan samun sa a yara maza. Allah ya raya. Kada a bari wanzami ya taɓa shi, domin da wannan fatar da ta rage ake gyara hanyar fitsarin, yawanci tsakanin wata shida da shekara ɗaya da rabi. Ku kai shi a duba shi a wannan satin, a kuma tabbatar marainansa biyu sun sauko.